Alhakin da Ba a Rubutawa a Takardar Sallama

Duk wanda ya tashi a gidan tsohon soja, a nan Suleja ko a wani gari na ƙasar Hausa, ya san akwatin ƙarfen nan da ake turawa ƙarƙashin gado, wanda ba a buɗe shi sai da dalili. A cikinsa akan sami lambobin yabo biyu ko uku da suka dushe, da hoton wani saurayi cikin kaki, da kuma ɗan littafin da tsofaffi ke kira takardar sallama. Mu ma mun taɓa riƙe irin wannan littafi, na wani dattijon unguwarmu da ya je yaƙin Bama, lokacin da iyalinsa suka kawo mana shi bayan rasuwarsa don mu duba musu ko akwai sauran haƙƙinsa a hannun gwamnati. Muka karanta shi daga bango zuwa bango. Akwai lambarsa ta soja, da ranar da aka ɗauke shi, da tsawonsa, da tsagar fuskarsa, da bataliyar da ya zauna, da ranar da ya sami igiya biyu. A ƙarshe wani Bature ya sa hannu a kan cewa halinsa kyakkyawa ne. Ba mu ga inda aka rubuta ko mutum nawa ya harba ba, balle abin da ya ji a ransa da ya harbe su.

Ba laifin littafin ba ne, don ba a yi shi domin wannan ba. Hukuma ce ta rubuta shi, kuma abin da ya dame ta shi ne hidimar da aka yi mata. Amma mu da muke karanta shi daga baya sai mu ɗauke shi tamkar shi ne tarihin mutumin dungurungum, har mu riƙa auna nagartarsa da shi. A nan ne tambayarmu ta taso: shin takardar aiki mai tsabta ta isa shaida cewa hannun mutum yana da tsabta? Tambayar ta fi tsanani a kan wasu irin mayaƙa da ba su taɓa ganin fuskar wanda suka kashe ba, wato ma'aikatan jirgin sama mai jefa bama-bamai. Dattijonmu na Bama ya ga abokin gabarsa ido da ido a cikin kurmi. Su kuwa waɗannan suna can sama cikin duhu, su bakwai a jirgi ɗaya, kowa da nasa aiki.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan labarin wasu mutane ne na can nesa. Jiragen saman da suka fara sauka a Kano a watan Nuwamba na 1925, guda uku daga Masar ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, samfurin DH.9A ne, kuma domin jefa bama-bamai aka ƙera su tun asali. A Yaƙin Duniya na Biyu, daga watan Satumba na 1940, Ingila ta riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su, su tashi ta Ikko da Kano da Maiduguri da Khartum har Masar. Jirage fiye da 5,000 ne suka bi wannan hanya kafin ƙarshen 1943. Bayan haka akwai 'yan Afirka ta Yamma da suka shiga cikin jiragen da kansu. Akin Shenbanjo, ɗan Nijeriya, ya yi aikin wayar iska a jirgin Halifax na runduna ta 76, ya sami lambar yabo ta DFC, har abokan aikinsa suka sa wa jirginsu sunan da ke nufin Baƙin Yarima don girmama shi. John Henry Smythe, mutumin Saliyo, mai lissafin hanya ne a jirgin Stirling. An harbo jirginsa a Jamus a watan Nuwamba na 1943, ya zauna fursuna har ƙarshen yaƙi, daga baya ya zama lauya, ya riƙe babban muƙamin shari'a a ƙasarsu. Tarihin aikin kowannensu abin alfahari ne, mu ma muna alfahari da shi.

Bari mu dubi yadda aikin yake. Jirgin Lancaster ko Halifax yakan ɗauki mutum bakwai: matuƙi, da injiniya, da mai lissafin hanya, da mai wayar iska, da mai auna wuri ya saki bam, da masu harbi biyu, ɗaya a doron jirgi ɗaya a wutsiya. Yawancinsu samari ne da ba su daɗe da wuce shekara ashirin ba, kuma dukkansu da kansu suka nemi aikin tashi. Akan tara su a wani babban ɗaki a ce kowa ya zaɓi abokan tafiyarsa, daga nan sun zama tamkar 'yan ɗaki ɗaya, mutuwar ɗaya mutuwar saura. Ana buƙatar su kai hari sau 30 kafin a ba su hutu. Daga cikin kimanin mutum 125,000 da suka yi wannan aiki a rundunar Ingila, 55,573 ba su ga ƙarshen yaƙin ba. Saboda haka duk abin da za mu faɗa nan gaba, babu mai cewa ragwaye ne. Mutumin da ya ga gadon abokinsa wayam da safe, da daddare kuma ya sake hawa jirgi, ya cika namiji.

Kowannensu yana da littafin da ake rubuta tashinsa: kwanan wata, lambar jirgi, sunan matuƙi, sunan garin da aka nufa, da yawan sa'o'in da aka yi a sama. Layi ɗaya ke nan ga kowane dare. A littattafan ɗaruruwan samari akwai layin da ke cewa Hamburg, daren 27 ga Yuli, 1943. A wannan dare ne wuta ta haɗu da iska a unguwannin ma'aikata na birnin, ta zama guguwa mai janye mutane cikinta, ta zuƙe iskar shaƙa daga ramukan da mata da yara suka fake. A cikin kwana goma na waɗannan hare-hare an kashe mutum kusan 40,000. A Dresden, a watan Fabrairu na 1945, an kashe kimanin 25,000. Kuma ba kuskuren saiti ba ne. Wani bincike da aka yi a 1941 ya nuna cewa a cikin jiragen da suka ce sun kai hari, ɗaya bisa uku ne kaɗai ya kusanci abin da aka aike shi da tazarar mil biyar. Da aka ga ba a iya samun masana'anta cikin dare, sai aka ba da umarni a watan Fabrairu na 1942 cewa a nufi garin baki ɗaya, don a karya zuciyar mazaunansa. Arthur Harris, wanda ya karɓi rundunar a watan nan, shi ya tsaya a kan wannan manufa har ƙarshe.

To, wa ya kashe yaron da ya ƙone a Hamburg? Matuƙi zai ce shi tuƙi ya yi. Mai lissafin hanya zai ce shi taurari da taswira ya duba. Mai wayar iska, irin su Shenbanjo, saƙo kawai yake karɓa. Masu harbi kuwa jirginsu suke karewa daga mai neman hallaka su, wanda ko a shari'ar ƙauye ba laifi ba ne. Saura mai sakin bam, shi ma zai ce ba shi ya zaɓi garin ba, ba shi ya kawo jirgin ba, hasken da waɗansu suka riga suka jefa ya bi. Kowa ya faɗi gaskiya, amma ga gawa kwance. Mukan ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, ashe kuma hannu da yawa maganin jin nauyin alhaki ne.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da sanin wannan dabara ta ɗan Adam. Sun bambanta wanda ya aikata da hannunsa da wanda ya zama sanadi, amma ba su bar taron mutane su ɓuya a bayan yawansu ba. A Muwaɗɗa an kawo cewa Sayyadina Umar ya zartar da ƙisasi a kan mutum biyar ko bakwai da suka haɗu suka kashe mutum ɗaya, kuma a kan haka mazhabar Maliku ta tafi. Hikimar a fili take: da a ce alhaki yana rabuwa kamar gado, wannan ya sami sudusi wancan ya sami sumuni, to da duk mai son kisa sai ya nemo abokai shida, rabon kowa ya zama ƙanƙane. Alhaki ya fi kama da wutar da aka kunna fitila bakwai da ita, kowace fitila da cikakkiyar wutarta. Shari'ar zamani ma ta yarda da haka. Mu mutanen Suleja mun san abin da bam yake yi wa jiki: mun gani a ofishin hukumar zaɓe ranar 8 ga Afrilu, 2011, mun gani a cocin St. Theresa da ke Madalla ranar Kirsimeti ta shekarar nan. Da kotu a Abuja ta hukunta Kabiru Sokoto a watan Disamba na 2013, cikin laifuffukansa har da cewa ya san za a kai harin Madalla ya yi shiru. Babu wanda muka ji ya ce an zalunce shi don ba shi ya tuƙa motar ba.

Sai dai dole mu tsaya a nan, don kada mu yi kwatancin da zai zama zalunci. Ɗan ta'adda dabam, soja dabam. Samarin nan suna yaƙi ne da mulkin Hitler, wanda ya fara jefa bama-bamai a kan Warsaw da Rotterdam da Landan, wanda kuma yake hallaka miliyoyin mutane a sansanoninsa a daidai lokacin. Suna ƙarƙashin hukuma halattacciya, an kuma gaya musu cewa masana'antu da tashoshin jirgin ƙasa suke rusawa, wani lokaci ma gaskiya ne. Mukan ce ɗan aike ba shi da laifi. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma al'ummar da kowane soja zai tsaya ya yi muhawara da kowane umarni ba za ta iya kare kanta ba. Amma ɗan aiken da karin maganar ke nufi shi ne mai ɗauke da saƙon baki. Wanda aka ba garwashi aka ce ya jefa a kan jinkar maƙwabci, ga yara suna barci a ciki, ba ma jin akwai dattijon da zai wanke shi tas da wannan karin magana. Abin da za mu iya cewa shi ne alhakin bai zama ɗaya ba. Wanda ya zauna a ofis da taswira da alƙaluma, ya san abin da wuta za ta yi, yana da ikon cewa a'a ba tare da an taɓa shi ba, nauyinsa ya fi na saurayin da ke daskarewa a wutsiyar jirgi. Rage nauyi dabam, sauke shi dabam.

Akwai wani abu da ya daɗe yana damunmu a cikin wannan tarihi. Idan ɗaya daga cikin samarin nan ya ce ba zai ƙara tashi ba, akan buga wa takardarsa wasu haruffa uku, LMF, waɗanda ke nufin ba shi da ƙarfin hali. In saje ne a cire masa igiyoyinsa da alamar tashi, a tura shi aikin ƙasƙanci, don ya zama izina ga saura. Mai karatu ya lura: wuri ɗaya tak da takardar aiki ta yi magana a kan halin zuciyar mutum, shi ne inda ya ƙi. Yawancin waɗanda suka ƙi tsoro da gajiya ne suka karya su, amma ko da a ce tausayi ne ya hana wani, hatimi ɗaya za a buga masa. Wanda ya sami damar yin magana a fili shi ne wanda ba ya sanye da kaki, irin Bishop George Bell, da ya tashi a Majalisar Dattawan Ingila ranar 9 ga Fabrairu, 1944, ya soki rusa birane baki ɗaya. Bai sami masu goya masa baya da yawa ba a ranar.

Da nasara ta kusa, sai manya suka fara kakkaɓe riga. A ƙarshen watan Maris na 1945, Churchill, wanda da yardarsa aka yi duk abin da aka yi, ya rubuta wa hafsoshinsa takarda yana nuna shakka a kan abin da ya faru a Dresden. Bayan yaƙi ba a ba wa rundunar lambar yabo tata ta kanta ba, kuma sai a 2012 aka buɗe musu wurin tunawa a Landan, lokacin da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Wato an aike su, an ƙirga musu hare-hare, an ƙara musu girma, sa'annan aka bar su da kunyar. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, kuma mai mulki ya fi kowa iya taka nasa ya hango na ƙasa da shi.

Abin da ya biyo baya a rayuwar mutanen ya fi takardunsu koyarwa. Paul Tibbets, wanda ya tuƙa jirgin da ya jefa bam ɗin ƙare dangi a Hiroshima ranar 6 ga Agusta, 1945, ya sa wa jirgin sunan mahaifiyarsa, Enola Gay. Su 12 ne a ciki, kuma kafin ƙarshen shekarar mutum kimanin 140,000 sun mutu. Ya ci gaba da aiki har ya kai birgediya janar, ya rayu zuwa 2007, bai taɓa nuna nadama ba, yana mai cewa bam ɗin ya gajarta yaƙi ya ceci rayuka. Amma ya bar wasiyyar kada a yi masa kabari mai alama, don gudun masu zanga-zanga. Claude Eatherly kuwa bai jefa kome ba. Jirginsa ya riga ya wuce ne ya duba sararin sama, ya aiko da labarin cewa gari a buɗe yake. Shi ne ya ƙare yana shiga asibitin masu taɓin hankali yana fita, yana rubuta wasiƙu a kan laifinsa. Ga kuma Leonard Cheshire na Ingila, wanda ya kai hari sau 100, ya sami lambar yabo mafi girma ta ƙasarsu, ya ga faɗuwar bam ɗin Nagasaki da idonsa. A 1948 ya ɗauki wani mai jinya da ba shi da kowa ya kai shi gidansa, daga nan aka sami gidajen kula da naƙasassu masu ɗauke da sunansa, har a Nijeriya. Za mu so mu ce kaffara yake yi, amma shi bai ce ba, hasali ma ya kare aikin rundunarsu har ya tsufa. Ba mu da ikon sa masa nadamar da ta yi mana daɗin labari.

A cikin ukun nan wa ya fi? Ba mu ganin haukacewa ita ce ma'aunin nagarta, kuma mai yiwuwa Eatherly yana da wata cuta tun can. Amma zuciyarmu ba ta kwanta da Tibbets ba, ko da hujjarsa ta tabbata. Mutumin da ya kashe ɗan maƙwabcinsa bisa kuskure, alƙali ya wanke shi, in muka gan shi washegari yana raha a dandali sai mu ce ba shi da kunya, alhali ba mu ce yana da laifi ba. Akwai nauyin da ya kamata mutum ya ji don kawai ta hannunsa abu ya bi. Wannan nauyi ba hukunci ba ne, wani ɓangare ne na mutunci, kuma babu shafin da aka ware masa a takardar sallama.

Akwai kuma wanda tarihinsa ya taɓa ƙasarmu kai tsaye. Jan Zumbach, mutumin Folan, gwarzo ne a yaƙin sararin Ingila na 1940. Bayan yaƙi ya yi fasa-ƙwauri, ya yi wa Katanga sojan haya, a 1967 kuma ya tuƙa wa Biyafara jirgin B-26 ya kai hari a Makurɗi. Hannu ɗaya, ƙwarewa ɗaya, amma lambar yabon farko ba ta halatta aikin ƙarshe ba. Mu ma a ɓangaren tarayya an yi amfani da jiragen MiG-17 da Ilyushin 28, da yawansu Misirawa ke tuƙa su, kuma bama-bamansu sun faɗa kan kasuwanni da asibitoci a gabas. Ba mu cika son ambaton wannan ba idan muna tunawa da 'yan mazan jiya ranar 15 ga Janairu.

A zamanin Abuja ta dā, wadda Abu Ja ya kafa a 1828, wadda ita ce Sulejar yau, jarumi yana da irin tasa takardar aiki, wato kirari. Kirari ma alfahari ne, ba ya ambaton marayun da aka bari. Amma mai kwari da baka a bakin ganuwa ya san wanda ya harba, wataƙila ya san garinsu da sunan ubangidansa. Bindiga ta ƙara tazara, jirgin sama ya ƙara, yanzu ga jirgi maras matuƙi, wanda mai sarrafa shi yake zaune a ɗaki yana duban allo. Kowane ƙarin tazara yana ƙara yawan hannuwa, yana rage wanda zai ce ni ne. Ranar 17 ga Janairu, 2017, jirgin sojan sama ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Borno, aƙalla mutum 90 suka mutu, har da ma'aikatan agaji. A watan Afrilu na 2022, mutanen Kurebe ta Shiroro, a wannan jiha tamu, sun ce jirgi ya kashe musu yara 6.

Ba ma mantawa cewa mutanen Shiroro ɗin nan su ne ke roƙon a turo jirgi idan 'yan bindiga suka kewaye su, kuma a watan Agusta na 2023 wani jirgin soja mai saukar ungulu ya faɗi a yankin yana ɗauke da gawawwakin sojoji da waɗanda suka ji rauni. Matuƙan nan ƙannenmu ne, wataƙila wasunsu sun zauna a azuzuwan da muke zaune. Saboda su ne ma muke ganin ya kamata takardar aiki ta sami shafi na biyu, inda za a rubuta abin da ya faru a ƙasa, da sunayen waɗanda abin ya shafa, da sunan wanda ya ba da bayanin sirri, da wanda ya sa hannu a kan umarni, don kada nauyin ya gangaro duka kan wanda ya danna maɓalli, kada kuma ya ɓace a tsakanin hannuwa.

A daren 3 ga Disamba, 2023, jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya kai hari kan masu taron Maulidi a Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi a jihar Kaduna. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙirga gawa 85. Wannan karon sojan sun amsa cewa su ne, babban hafsansu na lokacin, Janar Taoreed Lagbaja, ya je garin da ƙafarsa ya ba da haƙuri. A watan Mayu na 2024 hedikwatar tsaro ta ce mutum biyu za su gurfana gaban kotun soja. Mutum biyu, daga cikin dukkan waɗanda suka hango taron, suka fassara hoton, suka kai rahoto, suka amince, suka saki. Sauran kuwa, in lokacin ajiye aikinsu ya zo, za a miƙa wa kowannensu ɗan littafinsa, da lambarsa, da ranakun ƙarin girmansa, da sa hannun wani babba a shafin ƙarshe.